Kallo Ya Koma Sama: Yadda Ake Farautar Hoton Tashin Roka

Akwai wani irin hoto wanda da wuya a sami mai karanta jarida da bai taɓa cin karo da shi ba. Ga roka tsaye kamar hasumiya, ga wuta tana ambaliya daga gindinta, hayaƙi ya turnuƙe dama da hagu, har mutum yana iya ƙidaya ƙarafan dandamalin da take rabuwa da shi. Wanda ya dubi hoton sai ya ce lalle mai ɗaukarsa namijin duniya ne, tun da ya iya tsayawa dab da wannan bala'i bai ruga ba. To, gaskiyar magana ita ce babu kowa a wurin. A lokacin da aka ɗauki hoton, mai kyamarar yana can nesa, mil uku ko fiye, yana kallo tare da sauran jama'a, hankalinsa kuwa yana kan kyamarar da ya kafa tun jiya ya bar ta ita kaɗai cikin ciyawa, bai sani ba ko ta yi aikinta ko ta yi barci.

Mu da ke aikin jarida mun saba da cewa mai hoto shi ne mai kutsawa gaba. A filin ƙwallo yana bakin raga, a hawan salla yana kusa da kofaton dawaki. Amma wurin harba roka an juya masa al'amari. An hana shi matsawa, ba shi da ta cewa game da lokaci, abin da ya zo dominsa kuma ba ya jiran kowa, cikin minti ɗaya ko biyu ya zama ɗan ɗigo a sararin samaniya. Saboda haka kusan dukkan aikin an gama shi tun kafin a kunna wuta: inda mutum ya zaɓa ya tsaya, da inda rana za ta kasance, da inda rokar za ta dosa, da kuma yawan haƙurin da ya zo da shi.

Dalilin ja da baya

Da farko ba a tsananta haka ba. Ran 24 ga watan Yuli, 1950, aka harba roka ta farko daga Kef Kanaberal, wani zirin ƙasa mai yashi da fadama a gaɓar tekun Atlantika, cikin jihar Fulorida ta ƙasar Amurka. Sunanta Bumper 8, gindinta kuwa ɗaya ce daga cikin rokokin yaƙi na V-2 waɗanda Amurkawa suka kwaso daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A hoton da ya shahara na wannan rana ana ganin masu kyamara tsaye a fili, roka tana tashi a gabansu. Sannu a hankali rokoki suka riƙa girma, suka kuma riƙa nuna halinsu. Ran 6 ga watan Disamba, 1957, wata biyu bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik, Amurka ta tara 'yan jarida domin su shaida nata tashin. Rokar Vanguard ta ɗaga kamar ƙafa huɗu, ta komo ƙasa, ta fashe a gaban kyamarori. Ba wanda ya mutu, sai dai kunyar ta zaga duniya.

Inda abin ya yi muni ƙwarai shi ne filin Baikonur na Sobiyet, cikin ƙasar Kazakistan ta yau. Ran 24 ga watan Oktoba, 1960, ana gyaran wata roka mai suna R-16 alhali tana cike da mai, babban hafsan sojan rokoki, Mashal Mitrofan Nedelin, yana zaune kusa da ita yana sa ido kan aikin, sai injin kashi na biyu ya kama da kansa. Mutum fiye da 70 suka halaka, har da shi Mashal ɗin. Gwamnati ta rufe zancen har shekarar 1989. Haka kuma a watan Fabrairu na 1996, a filin Shicang na ƙasar Sin, wata roka ta karkace tun daga tashi, ta faɗa kusa da gidajen mutane bayan daƙiƙa 22. Hukuma ta ce mutum 6 suka rasu, 57 suka ji rauni.

Domin gudun irin wannan, da Amurkawa suka zo gina filin da za su harba mutane zuwa wata, sai suka lissafa ɓarnar da rokar Saturn V za ta yi in ta fashe a ƙasa, suka ja layi wajen mil uku daga dandamali. Tsawon rokar nan ƙafa 363 ne, watau ta ɗara Gidan Koko na Ibadan tsawo, nauyinta kuma da mai a ciki ya kusa tan 3,000. Ko a bayan layin ma ba a tsira daga jin jiki ba. Ran 9 ga watan Nuwamba, 1967, da aka gwada ta karo na farko, ɗakin da shahararren mai labarun telebijin Walter Cronkite yake watsa shiri daga ciki ya riƙa girgiza, rufinsa yana zubowa, har sai da suka dafe gilashin taga da hannu.

Kyamarar da aka bari ita kaɗai

Tun da an hana mutum, sai aka aika da na'ura. Cikin waɗanda suka fara wannan dabara akwai Ralph Morse na mujallar Life, wanda ya bi 'yan sama jannatin Amurka tun daga rukunin farko na mutum bakwai. Shi ne ya sami izini ya ɗaura kyamara a jikin hasumiyar da ke riƙe da Apollo 11, ta ɗauko jerin hotunan rokar tana wucewa ta gabanta ran 16 ga watan Yuli, 1969.

Yadda ake yi a zamanin nan bai sake sosai ba. Kwana ɗaya, ko sa'o'i kaɗan, kafin tashi, akan kwashi masu hoton da ke da takardar izini a mota, a kai su kewayen dandamali, a ba su ɗan lokaci su kafa kayansu. Mutum zai dasa ƙafafun kyamara, ya kafe su da turaku ko ya danne da buhunan yashi, don iskar da ke fitowa daga gindin roka tana iya wurgi da su. Zai saita nisa da hannu, sa'an nan ya naɗe wurin saitin da salatif don kada girgiza ta gusar da shi. Zai rufe kyamarar da leda ko akwati, wasu har akwatin wasiƙu suke hudawa, a bar ƙofa ɗaya ta gilashi kurum. A ƙarshe ya haɗa ta da wata 'yar na'ura mai kunne, wadda in ta ji ƙara mai tsanani sai ta shiga danna kyamara ba ƙaƙƙautawa.

Daga nan sai addu'a. Na'urar nan ba ta san bambancin roka da tsawa ba, Fulorida kuwa ƙasar tsawa ce, musamman da damina. Hadari ɗaya da dare ya isa ya cinye batir, a zamanin fim kuma ya cinye fim ɗin gaba ɗaya kan dandamalin da ba abin da ya motsa a kansa. Raɓar asuba takan lulluɓe gilashi, hoto ya fito kamar an ɗauke shi cikin ɗakin wanka, shi ya sa wasu ke ɗaura wa gilashin wani abu mai ɗumi. A zamanin kumbon nan mai fukafukai da ke zuwa ya dawo, wanda ya yi tafiya 135 tsakanin 1981 da 2011, hayaƙin rokokin da ke gefensa yana ɗauke da guba mai cin ƙarfe da gilashi, in iska ta kaɗa shi wajen kyamarori sai a tarar da su duk sun yi zane.

Abin da ya sami Bill Ingalls, daɗaɗɗen mai hoton hukumar NASA, ya nuna cewa ko gwani bai gama sanin wurin nan ba. Ran 22 ga watan Mayu, 2018, a filin Vandenberg na jihar Kalifoniya, ya kafa kyamara shida domin tashin wata rokar Falcon 9. Huɗu suna cikin shingen dandamali, biyu suna waje. Na cikin shingen ba abin da ya same su. Wadda ta fi nisa, kamar rubu'in mil daga rokar, ita ce ta ƙone, domin tashin ya tayar da gobarar ciyawa, wutar ta biyo ta kanta. Da ya je ɗauka sai ya tarar da ita ta narke, amma katin da ke ajiye hotuna a cikinta ya tsira. Da aka buɗe, sai ga tashin rokar, ga kuma harshen wuta yana matsowa hoto bayan hoto, har robar da ke kan gilashi ta fara narkewa tana zubowa.

Wanda ya fi wannan tsanani ya faru a Boca Chica, kudancin jihar Teksas, ran 20 ga watan Afrilu, 2023, ranar gwajin farko na rokar Starship mai inji 33 a gindinta. Ƙarfin wutar ya haƙa rami ƙarƙashin dandamali, ya yi ta jifa da gutsattsarin kankare, ya farfasa kyamarori da dama da wata mota da aka ajiye ɗauke da kyamarorin watsa shiri. Ƙura ta sauka har garin Port Isabel, wajen mil shida. Ba don layin nan da aka ja ba, da labarin ya zama na jana'iza.

Ina za a tsaya?

Mafi yawan masu ɗaukar hoton roka ba su da takardar shiga kewayen dandamali. Su nasu aikin shi ne sanin ƙasa. A nan Fulorida ta fi ko'ina sauƙi, domin shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba tudu ba dutse, ruwa kuma ya kewaye filin, ido yana tafiya bisa ruwa ba abin da ya tare shi.

Ba banza aka zaɓi wurin ba. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, a tsakiyarta saurin juyin ya ɗara mil 1,000 cikin sa'a ɗaya, saboda haka rokar da aka harba gabas daga wuri mai kusa da tsakiyar duniya ta sami tallafi kyauta. Gabas da Kef Kanaberal kuwa teku ne, abin da ya faɗo ba zai faɗa kan kowa ba. Wannan hanya ta gabas ita ce ta riƙa bi da kumbunan Amurka na farko ta kan Afirka, shi ya sa cikin tashoshin da NASA ta kafa a kewayen duniya domin bin sawunsu akwai ɗaya a Kano, wata kuma a Zanzibar. Tashar Kano tana cikin waɗanda suka bi John Glenn ran 20 ga watan Fabrairu, 1962, sa'ad da ya kewaya duniya sau uku.

Wurin da ya fi tara jama'a shi ne garin Titusville, yamma da filin, a tsallaken wani faffaɗan ruwa da ake kira Kogin Indiya. Daga bakin ruwan, ko daga kan gadar Max Brewer, ana hango dandamali mai lamba 39A, wanda daga kansa Apollo 11 ya tashi, a nisan mil 11 ko 12. Ba a biyan ko kwabo, amma nisan yana da nasa haraji. Da rana tsaka, zafin da ke tashi daga ƙasa da ruwa yakan sa iska ta yi ta rawa, irin kawalwalniyar da direba ke gani a kan kwalta da bazara. Mutum ya sayi dogon gilashi mai tsada don ya jawo nesa kusa, sai ya tarar kawalwalniyar ya jawo, rokar ta fito a lanƙwashe kamar an zana ta bisa ruwa. Har wa yau, mai tsayawa a Titusville gabas yake fuskanta. In tashin na safe ne, rana tana cikin idonsa, rokar ta zama baƙar inuwa. In na la'asar ne, rana tana bayansa, farin jikin rokar ya fito tas. Wuri ɗaya ke nan, amma sa'a ta mai da shi wuri biyu.

Wanda ke son kusanci yakan nufi bakin tekun Playalinda, arewa da filin, inda nisan dandamali na 39A bai kai mil huɗu ba. Sai dai wurin yana cikin gandun da gwamnati ke karewa, yana da lokacin buɗewa da na rufewa, akan kuma rufe shi ɗungum in hukuma ta ga tashin yana da haɗari ko motoci sun cika. Akwai kuma rumfunan kallo na cibiyar baƙi ta Kennedy a bakin rafin Banana, kusan mil huɗu, inda sai da tikiti. Kudu da filin akwai Jetty Park a bakin tashar jiragen ruwa, da rairayin Cocoa Beach. Daga can ba a ganin gindin rokar sa'ad da ta kama wuta, sai ta ɗaga sama da itatuwa. Amma darajar wuraren nan ta ƙaru tun daga ran 21 ga watan Disamba, 2015, ranar da kamfanin SpaceX ya fara komo da gindin roka ya sauke shi a tsaye bisa ƙasa. Ran 6 ga watan Fabrairu, 2018, gindi biyu na rokar Falcon Heavy suka sauko tare, kafaɗa da kafaɗa, waɗanda suka tsaya kudu su suka kwashi hoton.

Bayan wuri, sai sanin alƙiblar rokar. Wadda za ta tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa arewa maso gabas take bi, tana bin gaɓar Amurka. Mai ɗauke da tauraron sadarwa gabas sak take yi. Tun daga watan Agusta na 2020 kuma aka koma harba wasu kudu. Wanda bai bincika wannan ba yana iya kafa kyamararsa da kyau, rokar ta fice daga gefen hoto cikin daƙiƙa ashirin.

Wani abin da ke ruɗa baƙo shi ne shiru. Haske yana isowa nan take, ƙara kuwa tana cin kamar daƙiƙa biyar kafin ta yi mil ɗaya. Mai tsayawa a wurin 'yan jarida zai ga wuta, ya ga rokar ta ɗaga, sai bayan daƙiƙa goma sha biyar ƙarar ta iso ta bugi ƙirjinsa. Na Titusville kuwa sai ya jira kusan minti ɗaya. Sau da yawa a nan ne hannun sabon shiga ke rawa, ya ɓata hotunan da suka fi kyau. Ga sauro, wanda fadamar wurin ta yi suna da shi, ga kuma kada a cikin ramukan ruwa na gefen hanya, don filin yana cikin gandun namun daji tun 1963. Mai neman wurin da ba kowa a bakin ruwa da tsakar dare, ya kamata ya haska fitila tukuna.

Dare da almuru

Tashin dare wani abu ne dabam. Apollo 17, tafiya ta ƙarshe ta shirin Apollo zuwa wata, ita kaɗai ce Saturn V da aka harba da dare, da ƙarfe 12:33 na daren 7 ga watan Disamba, 1972, bayan jinkirin sa'a biyu da minti 40. Hasken ya mai da daren wurin kamar hantsi. A nan kyamarar da aka bar ta ta yi wa kanta hukunci takan ruɗe: ta auna duhu, ta buɗe ido sosai, wuta ta zo ta wanke hoton fari fat. Gwanaye da hannu suke saitawa, su auna da hasken wutar da ba a kunna ba tukuna, watau da abin da suka koya daga tashin baya.

Hoton dare da aka fi so shi ne na bakan wuta. Akan dasa kyamara bisa ƙafafunta uku, a sa gilashi mai faɗin gani, a ƙuntata ƙofar haske, sa'an nan a bar idon kyamara a buɗe minti biyu ko uku ko fiye. Duk inda rokar ta bi sai ta bar layi, hoton ya fito da baka guda na haske daga ƙasa ya lanƙwasa bisa teku. Bakan nan yana koyar da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, cewa roka ba sama take nufa kai tsaye ba. Tana ɗagawa ne don ta fita daga iska mai kauri, sa'an nan ta kwanta, domin abin da ke riƙe kumbo a falaki shi ne gudun gefe na wajen mil 17,500 cikin sa'a. Wahalar wannan hoto ita ce harbi ɗaya ne. In wani ya haska fitilar mota, ko yaro ya yi tuntuɓe da ƙafar kyamara, shi ke nan sai wani jiƙon. A ganina ma an yi wa bakan nan yawa, tun da a shekarar 2024 kaɗai an yi tashi fiye da 90 daga gaɓar Fulorida. Wanda ya yi fice yanzu shi ne wanda ya san abin da zai sa a ƙarƙashin bakan, ko gada, ko jirgin masunta, ko itacen dabino.

Mafi ban mamaki shi ne tashin da ya faɗo kamar rabin sa'a zuwa sa'a ɗaya kafin fitowar rana ko bayan faɗuwarta. Ƙasa tana cikin duhu, amma da rokar ta yi nisa sai ta shiga hasken rana, hayaƙinta ya bazu cikin siririyar iska ya yi ƙyalli kamar wata babbar lema. Ran 22 ga watan Disamba, 2017, irin wannan ya bayyana bisa birnin Los Anjalis bayan wani tashi daga Vandenberg, masu motoci suka riƙa tsayawa a kan hanya, wasu suna tsammani baƙi ne daga wata duniya.

Jira

Duk wannan shiri yana iya tashi a banza da kalma ɗaya daga ɗakin masu iko: an fasa. Gajimare mai kauri, ko iska a can sama, ko bawul da ya ƙi rufewa, ko ma jirgin ruwa da ya kutsa cikin yankin da aka hana shiga, kowanne ya isa. Su injiniyoyi a wurinsu da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, mai hoto kuwa ya biya kuɗin jirgi da na masauki. Kumbo mai fukafukai na farko an shirya shi ran 10 ga watan Afrilu, 1981, na'urorin kwamfuta suka saɓa wa juna, sai ran 12 ya tashi. Artemis I, wadda ta kai kumbo ba kowa a ciki ya kewayo wata, an fasa ta ran 29 ga watan Agusta, 2022, aka sake fasawa ran 3 ga watan Satumba, guguwa ta sa aka mai da ita rumfa, ba ta tashi ba sai ƙarfe 1:47 na daren 16 ga watan Nuwamba. Wanda ya zo kallo daga nesa da guzurin kwana biyu ya koma gida da hoton dandamali.

Cikin jiran nan ne wasu suka gane cewa rabin labarin yana bayansu. An ƙiyasta mutum miliyan ɗaya suka taru a gaɓar Fulorida domin Apollo 11, ban da 'yan jarida wajen 3,500. Wani saurayi ɗan shekara 22, David Burnett, mai yi wa mujallar Time aiki, ya bar wa manya rokar, ya tafi Titusville ya kwana cikin jama'a, da lokaci ya yi ya juya wa rokar baya ya ɗauki fuskokin masu kallo. Hotunan rokar na ranar duk sun yi kama da juna, nasa kuwa har yanzu ana nemansu.

Ranar da hoto ya zama shaida

Ran 28 ga watan Janairu, 1986, gari ya waye da sanyin da ba a saba harba kumbo cikinsa ba, har ƙanƙara ta daskare a jikin hasumiya. Kumbon Challenger ya tashi da ƙarfe 11:38 na safe da mutum bakwai, cikinsu har da malamar makaranta Christa McAuliffe. A zamanin nan fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka. Yawancin masu hoto sukan zazzage shi cikin daƙiƙun farko, lokacin da wuta da hayaƙi suka fi kyau. Da kumbon ya tarwatse bayan daƙiƙa 73, da yawansu suna cikin naɗe fim ne don su sa sabo. Bruce Weaver, mai yi wa kamfanin dillancin labarai na Associated Press aiki, bai ƙarasa nasa ba. Hotonsa na farin hayaƙin da ya rabu biyu a sama shi ne ya fito a shafin farko na jaridun duniya washegari.

Kyamarorin da 'yan jarida suka kafa a kewayen dandamali kuwa, NASA ta riƙe fina-finansu domin bincike, abin da ya jawo gardama tsakaninta da kafofin labarai. Da masu bincike suka bi hotunan hukumar ɗaya bayan ɗaya, sai suka ga baƙin hayaƙi yana fita daga wani mahaɗi a jikin rokar dama tun daƙiƙa ɗaya ba ta cika ba da tashi. Nan ne robar da ke toshe mahaɗin ta ƙage saboda sanyi. Bayan shekara 17 aka maimaita: hotunan tashin kumbon Columbia ran 16 ga watan Janairu, 2003, sun nuna wani gutsuren soso ya ɓalle daga tankin mai ya bugi fiffiken hagu wajen daƙiƙa 82 da tashi, amma ɗaya daga cikin kyamarorin da suka fi dacewa ba a saita ta daidai ba, hotonta ya yi dishi-dishi, ba a iya tantance girman ɓarnar ba. Ran 1 ga watan Fabrairu kumbon ya wargaje yana komowa, da mutum bakwai a ciki. Da aka koma harbawa a 2005, sai da aka ƙara yawan kyamarori a ƙasa, da jikin rokar, har da cikin jiragen sama masu binta.

Namu taurarin

Taurarin ɗan adam na Nijeriya yawancinsu daga wuraren da ɗan kallo ba ya shiga yadda ya ga dama suka tashi. NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta ƙasar Rasha a watan Satumba na 2003, NigComSat-1 daga Shicang a watan Mayu na 2007, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X daga Yasny ta Rasha ran 17 ga watan Agusta, 2011. Amma akwai ɗaya da ya tashi a gaban jama'a. Sunansa Nigeria EduSat-1, ɗan ƙaramin akwati mai faɗin santimita 10 ta kowane gefe, wanda Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta yi tare da hukumar sararin samaniya ta ƙasa da wata cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan. An haɗa shi da 'yan'uwansa huɗu, na Gana da Japan da Mongoliya da Bangaladash, cikin kayan da za a kai tashar sararin samaniya.

An sa ranar 1 ga watan Yuni, 2017. Jama'a suka taru, aka yi walƙiya kusa da filin, aka fasa. Ran 3 ga wata, da ƙarfe 5:07 na la'asar, rokar Falcon 9 ta ɗaga daga dandamali na 39A, wanda Apollo 11 ya bari shekara 48 da suka wuce, rana tana bayan masu kallo na Titusville. Bayan kamar minti takwas gindinta ya komo ya sauka a tsaye kudu da wurin, ƙarar saukowarsa ta iso kunnen mutane bayan ƙafafunsa sun riga sun taɓa ƙasa. Shi kuwa ɗan akwatin an sake shi daga tashar a watan Yuli, ya yi ta kewaya duniya har shekarar 2019.